Ƙaramar Caja

Ɗana na fari bai kwana a gidan nan ba tun sadakar arba'in ta babansa, shekara shida ke nan. Zuwa kam yana zuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Yakan taso daga Abuja bayan sallar asuba, ya iso unguwarmu ta Palladan a Zariya kafin azahar, ya durƙusa a bakin ƙofar falo ya gaishe ni, ya ci abinci kamar wanda ya bar tukunya a wuta, ya je masallacin bakin layi ya dawo, sannan ya duba agogo. Da na ga ya duba agogo na san an gama. Sai ya ce yana so ya wuce Kaduna da sauran rana, saboda hanya. Ni kuma in ce haka ne, gara ya tashi, Allah ya tsare. Da bakina nake sallamarsa, sannan in koma ɗaki in wuni ina jin haushin duk wanda ya yi sallama.

'Yan yanzu za su ce me ya hana ni in ce masa ya kwana. Ɗan fari ne, kuma ni a gidan da ake kunya na tashi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa cikin birni, bai dawo hannunmu ba sai da ya shiga sakandare. Ban taɓa kiran sunansa ba. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamare a Samaru, na share majinar 'ya'yan mutane, na goya masu zazzaɓi zuwa gidajensu, na kira sunaye har muryata ta dishe, amma in na zo kan mai sunansa a rajista sai in kira yaron da sunan ubansa. Shi ma bai taɓa ce mini Umma ba. Malama yake cewa, kamar yadda masu kayan miya a kasuwar Samaru suke ce mini. Ina son yaron nan so mai ciwo, ban kuma taɓa samun ƙofar da zan fito da shi ba.

Ƙanwarsa, autata da ke aure a Kano, ita ce wayar da ke tsakaninmu. Da ita nake hira kullum, in yi mata faɗa, ta yi mini tsiya. In ina da saƙo gare shi sai in ce mata ta gaya wa yayanta, shi ma in yana da magana mai nauyi ta bakinta take biyowa. Ta bakinta na ji cewa da man fetur ya yi tsada ya sayar da motarsa ya sayi wata mai aiki da lantarki, wadda ake jona wa wuta kamar wayar hannu. Na ce Allah ya sa alheri. Ta bakinta kuma na ji sauran labarin: motar za ta iya kawo shi Zariya, amma ba za ta mayar da shi ba sai an yi mata caji, kuma wutar gidanmu ba za ta ɗauka ba. Wai in aka jona ta a soket ɗin da muke jona dutsen guga, wayoyin bango za su yi zafi har su kama.

Wata ɗaya ya wuce, biyu, har huɗu, ban sa shi a ido ba. Wuni guda ɗin da nake rainawa ma ya gagara. Yana aiko da saƙo, yana bugo waya ranar Juma'a mu gaisa gaisuwar da ba ta kai minti biyu ba. Ranar da na kama kaina ina tsaye a ƙofar ɗakinsa riƙe da tsintsiya, ban share ba ban kuma tafi ba, na ce to, tun da wuta ce matsalar, ni ai matar mai wuta ce. Na yafa mayafina na tari Keke zuwa Sabon Gari.

Marigayi maigidana aikin lantarki ya yi a jami'a har ya yi ritaya, kuma ya koya wa mutane da yawa sana'ar. Cikinsu akwai wani da yanzu yake da shago a layin masu kayan wuta, duk Sabon Gari Injiniya suke ce masa. Mutumin kudancin Kaduna ne, a Muciya yake zaune, ya yi furfura ya yi jikoki, amma har gobe in ya gan ni sai ya cire hula. Duk Kirsimeti sai ya kawo mini shinkafa, duk babbar salla sai na aika masa cinya. Na same shi a tsakanin naɗe-naɗen waya, janaretocin layin suna ta ruri ba ka jin na kusa da kai. Na faɗa masa abin da ya kawo ni da ƙarfi kamar mai faɗa. Bai yi mamaki ba, ya ce ya taɓa yi wa wani malamin jami'a irin aikin, kuma masu Keke ma sun fara tambaya. Ya ce zai zo Litinin ya duba.

Gidan nan maigidana ne ya ja masa wuta da hannunsa, Asabar da Lahadi, ɗaki bayan ɗaki, lokacin ina goyon auta. A soro ya kafa allon katako ya jera fiyus-fiyus na tangaran a kai, kowanne ya manna masa farar filasta ya rubuta inda yake ba wuta. Falo. Kicin. Malama. Ga na auta da sunanta ɓaro-ɓaro. Na ƙarshe, na ɗakin ɗan fari, filastar tana nan amma ba rubutu, don shi ma marigayin bai fi ni ba wajen kunya. Injiniya ya tsaya gaban allon ya daɗe yana kallo, ya shafa wayoyin da yatsa, ya ce hannun oga ke nan, ba inda ya karkace. Sannan ya nuna na ƙarshen ya tambaye ni na ina ne. Na ce na wancan ɗakin ne.

Ya zagaya gidan, ya hau tsani ya leƙa silin, ya fita ya kalli falwaya, ya dawo ya zauna a kan benci ya yi mini bayani da irin Hausarsu ta Sabon Gari.

“Mama, wayan gidan nan lafiyanshi lau, amma don ƙwai da fanka da firji oga ya ja shi. Motan nan in ya fara shan wuta, ya fi gidan gaba ɗaya ci. Sai mun canza tun daga falwaya.”

Abin da za a yi yana da yawa. Za a jawo waya mai kauri daga falwaya, a nemi mita mai layi uku a ofishin masu wuta, a cire allon katako a sa akwatin ƙarfe mai makunnai da ke kashe kansu in wuta ta yi yawa, a binne sandar ƙarfe a ƙasa don ta shanye wutar da ta kauce hanya, sannan a ja wa motar layinta ita kaɗai zuwa gareji. Garejin ma suna ne kawai. Tun da aka sayar da babur ɗin marigayi, buhunan masara ne a ciki da wasu kujerun makaranta da suka karye. Duk na amince, sai maganar cire allo ce ta tsaya mini a wuya. Na tambaye shi ko ba za a bar shi a wurinsa ba. Ya ce in ina so motar ta sha wuta, allon ba zai zauna ba.

Maganar mita ta ɗauki makonni, na je na dawo, na cike takarda na sa hannu, har aka zo aka kafa. Aikin gida kuma kwana huɗu ya ci. An fasa bango, ƙura ta shiga har cikin tukwanena, na yi ta masifa ina cewa gida suka zo gyarawa ko rushewa. A bayan kicin suka haƙa rami mai zurfi, suka kafa sandar, suka zuba gawayi da gishiri suka kwarara ruwa, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wani abu aka binne mana ake tonewa. Ranar da aka zo kan allo na shige ɗaki, amma ina jin kowace ƙusa da ake zarewa. Injiniya da kansa ya kawo mini shi, ya riƙo da hannu biyu, bai bari fiyus ko ɗaya ya faɗi ba. Na naɗe shi a tsohon zane na tura ƙarƙashin gado.

Da aka gama, saura cajar kanta, wadda sai an yi odarta daga Legas. Injiniya ya nuna mini hotuna biyu a wayarsa. Ya ce wannan babbar ce, da layi uku da muka ja, awa uku zuwa huɗu ta cika mota, mutum ya iso da hantsi ya juya da la'asar. Wannan kuma ƙaramar ce, layi ɗaya take ci, a hankali take aiki, in an jona da rana sai gari ya waye.

Na ce ya maimaita na ƙarshen. Ya maimaita.

“Ƙaramar za ka sayo,” na ce.

Ya fara yi mini bayani cewa ai don babbar muka sha duk wannan wahalar, waya mai kauri da mita da komai, in ƙaramar ce da rabin aikin ya isa. Na ce na ji, ƙaramar nake so, ko gidan nasa ne? Ya dube ni, ya dubi ƙofar wancan ɗakin, ya sa wayarsa a aljihu. Ya ce to Mama. Ranar da ya kafa ta a bangon gareji, ya zo da alƙalami yana rubuta sunayen ɗakuna a ƙarƙashin makunnan sabon akwati. Da ya zo kan na motar ya tambaye ni me zai rubuta. Na ce ya bar shi haka.

Na gaya wa auta ta gaya wa yayanta an gyara wuta. Amsa ta dawo cewa zai zo Lahadi.

Tun Juma'a na buɗe ɗakinsa ya sha iska. Na wanke zanen gado, na ɗaura sabon gidan sauro, na sa aka canza ƙwan fitila. Ranar Lahadi da safe na jiƙa shinkafar waina don karin kumallon Litinin, abin da rabona da yi tun marigayi yana nan. Layinmu ba laifi wajen samun wuta, amma ana ɗaukewa kamar ko'ina, kuma ranar ce karo na farko a rayuwata da na yi fatan a ɗauke, ko awa biyu ne, don cajin ya ƙara ja. Ni da na yi shekaru ina tsine wa duhu.

Ina kicin na kasa kunne. Duk rayuwata da kunne nake tarbar mutanena. Babur ɗin maigidana tun daga kwanar layi nake gane tarinsa, tsohuwar motar yaron nan ma na san kukanta. Wannan karon ban ji komai ba, sai sallama kawai a tsakar gida, har ludayi ya kusa faɗuwa daga hannuna. Motar ba ta da murya. Ta shigo ta tsaya kamar kyanwa, fara, yaran layi sun yi mata zobe. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya rame kaɗan, furfura ta fara fito masa a gefen kunne daidai inda ta fara fito wa babansa. Na ce ya hanya, ya ce lafiya. Ya je gareji ya jona, wata 'yar fitila ta kama a jikin cajar tana ƙiftawa.

Yana cikin cin abinci ya duba wayarsa, don wai motar tana gaya masa komai ta can. Na ga ya ajiye cokali. Ya ce cajin ba zai cika ba sai asuba, kuma gobe ƙarfe takwas yana da zaman da ba zai yiwu ya rasa ba. Na shiga gyara bakin tabarma da ba abin da ya same ta. Zuciyata tana cewa ga ɗaki can an gyara, ka tashi da asuba ka tafi, ko ka buga musu waya ka ce uwarka ba ta da lafiya, ƙarya ɗaya ba za ta kai ka wuta ba. Ya yi tunani kaɗan, sai ya ce ba komai, zai bar motar a nan, ya hau Keke zuwa tashar Kwangila ya shiga motar haya, Asabar ya dawo ya ɗauka.

“Haka ne,” na ce. “Aiki ai ba a wasa da shi. Allah ya tsare.”

Ko la'asar bai jira ba. Makonni ina shiri, na fasa bango, na cire hannun mijina daga soro, kuma abin da na samu shi ne mota ta kwana a gidana, mai ita ya tafi. Da safe na soya wainar don kada ƙullun ya lalace, na raba wa maƙwabta, suna ta sa mini albarka suna tambayar ko sadaka ce. Na ce sadaka ce.

Kwana shida motar ta yi a garejina. Fitilar ta daina ƙiftawa tun safiyar Litinin, ta tsaya koriya shar, alamar ta ƙoshi. Kowace safiya sai in ɗauki tsumma in goge mata ƙura, ina gaya wa kaina don kada a ce an bar kayan mutane a wulaƙance. Ta gilashi ina hango hularsa a kujerar gaba, da takalmin ƙaramar 'yarsa ƙafa ɗaya a baya. Ranar Laraba na ɗauko kujerar roba na zauna kusa da ita ina tsince wake, har na kama kaina ina ba ta labarin yadda aka ja wa gidan nan wuta. Abin da na kasa gaya wa mai ita ke nan. Na yi kuka a wurin, ba wanda ya gani.

Ranar Alhamis wata dabara ta zo mini. Na buga wa Injiniya waya na tambaye shi ko akwai yadda za a yi a zuƙe wutar da ke cikin mota, ta koma ba komai kafin Asabar. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba, ina jin janaretocin layinsu ta cikin wayar.

“Mama,” ya ce, “wannan ba aikin waya ba ne. Ki gaya mishi kawai.”

Na ce ban tambaye shi wa'azi ba, na kashe wayar. Na wuni ina jin haushinsa, don gaskiya ya faɗa.

Asabar da hantsi yaron ya iso a Keke. Ya gaishe ni, ya sha ruwa, ya nufi gareji. Ina daga ƙofar kicin ina kallonsa. Ya zare cajar daga jikin motar ya naɗe ya rataye, amma bai buɗe mota ba. Ya bi wayar da ido tun daga bangon gareji har soro, ya buɗe sabon akwatin ya tsaya. Na manta cewa duk hutun makaranta shi yake bin babansa wajen aiki, ya san waya kamar yadda na san alli. Ya daɗe a wurin. Da ya dawo ya tambaye ni ina allon Baba. Na ce yana nan an ajiye. Ya ce ya ga an bar makunni ɗaya ba rubutu, kamar wancan. Na ce alƙalamin ne ya ƙare.

Ya zauna a bakin baranda, mukullin mota a hannunsa, bai dube ni ba, don shi ma bai saba ba.

“Malama, wayar da aka ja ta babbar caja ce. Layi uku ne. Wa ya ce a sa ƙarama?”

Na ce ni malamar firamare ce, ina na san babba da ƙarama, ya je ya tambayi Injiniya. Ya ce ya tambaye shi tun ranar Litinin, Injiniya ya ce masa in yana son amsa ya zo gida. Sai ya shiga juya mukullin. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

“Ni duk zuwan da nake yi, da na ce zan tafi sai ki ce gara in tashi. Na ɗauka zamana ne yake takura miki. In kina so in kwana, ki ce.”

Shekararsa arba'in da uku, kuma abin da ya ɗauka ke nan tun yana yaro. Ni ina nan ina ƙuna a ciki, shi yana can yana ganin ba a son ganinsa. Kalma biyu ce, ka kwana. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma harshen da ya yi shekara arba'in da uku a ɗaure ba ya kwancewa don an ce masa ya kwance. Na juya na shiga kicin na ɗauko tukunya ina ƙwanƙwasa ta ba dalili. Daga can na ɗaga murya na ce tuwon dawa zan yi, da miyar kuka da ƙashin saniya, kuma ƙashin ba ya dahuwa da wuri, sai bayan magariba.

Na leƙo ta taga. Ya tashi ya shiga soro, ya tsaya a gefen sabon akwati, inda wata tsohuwar ƙusa take wadda masu aiki ba su zare ba. A nan babansa yake rataye mukullin babur in ya dawo aiki. Ya rataye nasa a wurin, ya cire takalmi, ya ɗauki buta. Motar tana gareji cike da wuta, ba abin da ya riƙe shi.

Da safe ya ci waina ya tafi. Tun daga lokacin ya zo sau biyu, kowane zuwa yana isowa ya ce ta kusa ƙarewa, sai ta kwana. Ni kuma in ce to, tun da haka ne ba yadda za a yi. Bai sake ta da maganar babbar caja ba, ni ma har yau ban ce masa ya kwana ba, ban kuma kira sunansa ba. Ina so in yi kafin in mutu. A yanzu dai na mayar da kujerata bakin baranda, inda ake hango ƙofar gida, don motar ba ta da ƙara, in ban gani da idona ba ba zan san ya iso ba.